Tambayoyi da Amsoshi: Binciken Baƙin Halittu Masu Mamaya, da Neman Tallafi da Aiki, ga Ɗaliban Bauchi da Gombe

Duk shekara, da zarar an fara rabon maudu'in furojet, tambayoyi iri ɗaya ke biyo ni ofis, wasu kuma ta WhatsApp da tsakar dare. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na tara su wuri guda. Na fara da masu sauƙi, na tafi zuwa batun kuɗi, wanda na san shi ne ya kawo yawancinku nan.

Malam, me ake nufi da baƙuwar halitta mai mamaya? Duk abin da ya zo daga waje ke nan?

A'a. Da haka ne, da sai mu kori masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono, domin dukkansu daga nahiyar Amurka suka zo mana. Sharuɗɗa uku ne ke haɗuwa: mutum ne ya kawo halittar inda ba asalinta ba, da gangan ko bisa kuskure, ta kama ƙasa tana yaɗuwa da kanta ba mai shuka ta ko kiwon ta, sannan tana ɓarna ga amfanin gona, ko ruwa, ko lafiya, ko halittun da ta tarar. In ɗaya ya faɗi, sunan bai hau ba. Wuta-wuta tana cinye dawa da gero, tsuntsun jan baki yana share gonar shinkafa cikin yini, amma duka biyun 'yan gida ne a Afirka, don haka ba sa cikin wannan layi.

Rahoton da majalisar masana ta IPBES ta fitar a watan Satumba na 2023 ya ƙidaya baƙin halittu sama da 37,000 da suka zauna a wuraren da ba nasu ba a duniya. Daga ciki sama da 3,500 ne aka tabbatar suna ɓarna. Ka ga ke nan yawancin baƙi zaman lafiya suke yi. Sai dai waɗancan 'yan kaɗan sun jawo asarar da ta haura dala biliyan 423 a shekarar 2019 kaɗai, kuma da hannunsu a kashi 60 cikin 100 na halittun da aka san sun ƙare a doron ƙasa.

Waɗanne ne suka fi damun mu a nan?

Manomin masara zai ce maka tsutsa. Wannan tsutsa, Spodoptera frugiperda, 'yar Amurka ce, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya da wasu maƙwabta. Cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen kudu da Sahara, domin malam-buɗe-littafin da ke haifar ta yana iya tafiyar kilomita 100 a dare guda, mace ɗaya kuma tana zuba ƙwai har dubu ko fiye. Tana shigewa can cikin ƙoƙon masara, ta bar kashi kamar garin katako.

Mai lambun tumatir a Dadin Kowa kuwa sharon zai ambata, wato tsutsar Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta ratso Arewacin Afirka, a 2016 ta yi wa tumatir ɗin Arewa kisan da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Wayonta shi ne tana zama tsakanin fatar ganye, feshi ya wuce ta sama bai taɓa ta ba.

A ruwa akwai kachala, doguwar ciyawar fadama, wadda na ba ta tambaya tata a ƙasa, da kuma wata 'yar uwar kainuwa mai shuɗin fure da ta fito daga yankin Amazon, ta shigo Najeriya ta rafukan Badagry a 1984, ta kai har tafkin Kainji. A kan tudu akwai Prosopis juliflora mai ƙaya, da aka kawo yankin Sahel don tare hamada. Kada a rikita ta da ƙiryarmu ta gado, Prosopis africana, wadda ma raguwa take yi saboda masu gawayi.

Ita kachala baƙuwa ce ko 'yar gida?

Wannan tambaya ta fi kowace daɗi, kuma ɗalibin da ya fahimci amsarta ya fahimci rabin fannin. Kachala, Typha domingensis, tana nan a yankuna masu zafi na duniya tun da daɗewa, har da Afirka. Dattawan fadamar Hadeja da Nguru sun san ta a 'yan wurare. Abin da ya canza shi ne ruwa. A da, kogi yana ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta tsage, kachala ta mutu. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ya zama ana sakin ruwa duk shekara don noman rani da ruwan shan Kano. Fadama ta daina bushewa. Abin da kachala ke nema ke nan: ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ga taki da ke gangarowa daga gonaki. Kai ɗaya nata yana ɗauke da iri sama da dubu ɗari, iska ta kwashe, a ƙarƙashin ƙasa kuma saiwarta tana ta rarrafe.

Sakamakon sananne ne ga duk wanda ya je yankin. Ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya wucewa, ruwa ya juya ya cinye gonakin wasu ya bar wasu da ƙishirwa, jan baki ya samu wurin kwana, sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya suka samu gida. Saboda haka wasu masana ke kiran ta mai mamaya ta cikin gida. Yanke ta yana aiki in an yanke ƙasa da saman ruwa, domin ta ganye take tura iska zuwa saiwa, in ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe. Ƙonawa kuwa ɓata ashana ne, makonni kaɗan ta tofo. A Senegal da Muritaniya, inda madatsar Diama ta 1986 ta jawo irin wannan bala'i, sun koma yin gawayi da ita. A nan ma shirin TRIMING na bunƙasa noman rani ya gwada mayar da ita iskar gas ta girki da abincin dabbobi.

Ga abin da ya sa nake matsa wa ɗaliban Bauchi a kanta. Kogin Jama'are, da ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Katagum kafin ya haɗu da na Hadeja, har yanzu ba babbar madatsa a kansa. Ta Kafin Zaki shekaru da dama ana maganarta ba ta kammalu ba. Ke nan Allah ya ajiye mana gwaji a ƙofar gida: kogi ɗaya an datse, ɗaya yana ambaliyarsa ta gado. Wanda ya auna yawan kachala a gefen biyu, ya ajiye alƙaluma tun yanzu, ranar da aka sake ɗaga maganar Kafin Zaki shi za a nema.

Dogon yaro fa? Ai shi ma baƙo ne, ga shi gwamnati na ta rabon dashensa.

Baƙo ne, daga ƙasar Indiya, kuma a shekarun 1920 ya shigo ta Borno. Ba wanda zai tsaya a inuwarsa a Azare ko Bajoga da watan Afrilu ya zage shi. Sai dai jemagu da tsuntsaye suna cin 'ya'yansa su kai iri daji, kuma a filayen Akara na ƙasar Ghana an ga ya fantsama yana danne itatuwan asali. A cikin gari da bakin titi alheri ne. A gefen gandun daji irin Yankari ko dajin da ke kewaye da tafkin Maladumba a Misau, abin a sa ido ne.

Bauchi da Gombe duka suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, Gombe kuma ta ƙaddamar da nata shirin dashe a 2019. Ra'ayina, wanda ba kowa ke so ba, shi ne muna ƙidaya yawan abin da aka dasa fiye da yadda muke tambayar me aka dasa. Mutanen Baringo a Kenya da na Afar a Habasha da hannu biyu suka karɓi Prosopis, yau ta cinye musu makiyaya. Ɗorawa da kanya da tsamiya da kuka da gawo ba sa saurin girma, shi ya sa masu gandun raino ke gudun su. Binciken yadda za a gaggauta tsirowar irinsu aiki ne da ɗalibi zai iya yi da leda da ƙasa da ruwa kawai.

Me ya hana a kawo ƙwaron da zai cinye su a huta?

Ana yi, kuma ɗaya daga cikin manyan nasarorin duniya a nan Najeriya aka yi ta. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro daga Kudancin Amurka ya kusa gama da rogon Afirka. Masu bincike suka gano wani ɗan ƙaramin zanzaro a Paraguay da ke zuba ƙwai a jikinsa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, a wani shiri ƙarƙashin masani Hans Herren, ta fara sakin sa a 1981, rogo ya farfaɗo, Herren kuma ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 1995.

Amma kafin a saki irin wannan sai an shafe shekaru ana gwada shi a killace, a tabbatar ba zai juya kan wani abu ba. Ostareliya ta kawo wani ƙaton kwaɗo a 1935 don ya ci ƙwarin rake. Ya ƙyale ƙwarin, ya zama annoba har yau. Shigo da halitta mai rai aikin hukumar killace kayan gona ce ta NAQS da manyan cibiyoyi. Abin da ɗalibi zai iya shi ne ya tattara ƙwai da tsutsotsin masara daga gonaki, ya rene su a kwalba, ya ga waɗanne maƙiya na gida ke fitowa daga jikinsu. An riga an samu zanzaron Telenomus remus yana wannan aiki a ƙasashen Afirka da dama ba wanda ya sake shi.

Wane kwas zan karanta, kuma a ina?

Ilimin muhallin halittu, ko na tsirrai, ko na dabbobi, ko gandun daji da namun daji, ko kare amfanin gona, ko labarin ƙasa. Kowanne yana kai mutum. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi tana da sashen ikoloji. Akwai Jami'ar Sa'adu Zungur mai mazauni a Gaɗau, wadda kusancinta da fadamun Katagum babbar dama ce, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya a Kashere. A Dadin Kowa akwai Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, ga madatsar ruwa a gefe.

Sunan kwas bai kai abubuwa uku muhimmanci ba: iya gane tsiro ko ƙwaro da sunansa na kimiyya, iya lissafin alƙaluma da manhajar R, da iya zana taswira da QGIS. Manhajojin biyu kyauta ne. Na ga masu sakamako mai daraja ta ɗaya da ba sa iya bambance bagaruwa da farar ƙaya.

Ba ni da ko sisi. Zan iya fara bincike kafin in samu tallafi?

Dole ma ka fara, domin ba mai ba da kuɗi ga wanda bai taɓa auna komai ba. Masu tallafi suna bin sawu ne. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar hoto tare da lambobin wurin da kake tsaye. Ka sa manhajar iNaturalist, ka riƙa ɗora hoton duk baƙon tsiro da ka gani a hanyar Darazo ko Dukku. In masana suka tabbatar da sunan, bayanin yana shiga rumbun GBIF da duniya ke amfani da shi. Buɗe taswirar rumbun ka dubi Arewa maso Gabas, ka kwatanta da kewayen Ibadan ko Jos, za ka ga yadda wajenmu yake fayau. Wannan giɓi shi ne jarinka.

Kafinta zai haɗa maka firam na katako mita ɗaya a mita ɗaya da kuɗin da bai kai na katin waya na wata ba. Da shi da igiya mai awo da littafi za ka ƙidaya tsirrai a layi. In tsutsar masara ce, hanyar da hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta koyar ita ce ka ratsa gona a karkace kamar harafin W, ka tsaya wuri biyar, ka duba masara goma a kowane wuri. Gona ashirin, kowane mako, damina guda: ka tara abin da babu shi a ofishin kowa. Hotunan tauraron ɗan adam ma kyauta ne. Na Landsat sun faro daga 1972, kafin a gama Tiga ke nan, na Sentinel-2 kuma daga 2015, suna nuna fili mai faɗin mita 10. Da Google Earth Engine ba ka buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, intanet kawai.

Abu ɗaya nake roƙo: ka rubuta kwanan wata da wuri a kan komai, har da ranar da ka je ba ka ga komai ba. Rashin gani ma bayani ne, kuma shi ɗalibai suka fi zubarwa.

Yaya zan zaɓi maudu'in da ba a gaji da shi ba?

Ka guji taken da ya fara da "nazari kan illolin kaza a Najeriya". Ya fi ƙarfinka, kuma ba tambaya ba ce. Ka je bakin ruwa ko gona ka saurara. In masunci ya ce tun da ciyawar nan ta rufe gaɓa tarwaɗa ta yi yawa karfasa ta ragu, ga tambaya ta fito, mai amsuwa da ma'auni da kwandon kifi. In manomi ya ce toka ko yashi da yake zubawa a ƙoƙon masara ya fi maganin kanti, gwada shi a fili kashi-kashi. Dubi kuma abin da na faɗa game da kogin Jama'are a tambayar kachala, da batun irin itatuwan gida a tambayar dogon yaro.

Ɗalibi zai iya samun kuɗin TETFund?

Kai tsaye, a'a. Asusun, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon ETF, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne. Yana da ƙaramin tallafin bincike da ake nema ta cikin makaranta, wato IBR, da babba na ƙasa baki ɗaya, NRF, wanda ake gasa a kansa da tawaga, da kuma kuɗin ƙaro karatu na malamai. Daga farkon 2025 an dakatar da tura sababbin malamai karatu waje da kuɗin asusun, aka karkata zuwa jami'o'in gida.

Hanyar ɗalibi ita ce ya shiga inuwar malamin da ya samu. Ka tambaya a sashenku wa ke da IBR ko NRF a hannu, ka je da bayanan da ka riga ka tara, ka ce kana so ka riƙe masa aikin fili. Ku yi magana tun farko, cikin ladabi, kan ko sunanka zai fito a takardar da za a wallafa. Kunya a wannan gaɓa ta cuci mutane da yawa.

To daga waje fa, su wa ke bayarwa?

Gidauniyar Rufford ta Ingila ita ce ƙofar da yawancin matasan Afirka suka fara shiga. Tana ba da 'yan dubban fam ga masu digiri na biyu ko na uku da waɗanda ba su daɗe da gamawa ba, tana neman mutum uku su tsaya maka, kuma in ka yi aikin kirki akwai mataki na biyu da na uku masu kuɗi fiye da na farko. Idea Wild ta Amurka kayan aiki take saya maka, kamar na'urar GPS ko tabaron hangen nesa ko kyamara, na kimanin dala 1,500. Shirin CLP, na haɗin gwiwar BirdLife da Fauna & Flora da WCS, yana ba tawagar matasa aƙalla uku har dala 15,000. Asusun Mohamed bin Zayed na Abu Dhabi yana kaiwa dala 25,000, amma sai aikin ya shafi halittar da ke fuskantar ƙarewa. In tsuntsaye ne, akwai African Bird Club. A gida, gidauniyar kare halittu ta Najeriya, NCF, tana da tallafin Cif S. L. Edu ga masu digiri na uku. Adadi da sharuɗɗa suna canzawa, ka karanta shafinsu na shekarar da kake nema.

Lura da wani abu: duk waɗannan na kare halittun daji ne. In ka rubuta musu kan tsutsar masara ko sharon, ka yi sallama a gidan da ba naka ba. Ƙwarin gona sai ɓangaren noma: IITA, wadda ke da reshe a Kano, da IAR ta Samaru, da CABI, da cibiyar icipe ta Nairobi. Kachala da Prosopis suna iya shiga ko'ina, ya danganta da yadda ka juya tambayar. In ka nuna yadda kachala ke rage wurin saukar tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai zuwa dausayin Hadeja da Nguru, ka shiga layin masu kare halittu. Akwai kuma dalilin da zai ƙarfafa takardarka: a yarjejeniyar Kunming da Montreal ta Disamban 2022, ƙasashe sun ɗauki alƙawarin rage shigowar baƙin halittu masu mamaya da rabi kafin 2030.

Na nema sau biyu an ƙi ni. Me nake yi ba daidai ba?

Ni sai a karo na huɗu na samu, don haka ba ka ma fara ba. Na sha duba takardun ɗalibai, kuma cutar kusan ɗaya ce. Shafi biyu na farko suna bayanin ɗumamar yanayi a duniya, wanda mai karantawa ya fi ka sani, sai a layin ƙarshe a ambaci ƙauyen da za a yi aikin. Juya shi. Fara da wurin, da abin da ka gani da idonka, da alƙaluman da ka tara ba tare da kuɗin kowa ba, kamar yadda na bayyana a tambayar wanda ba shi da ko sisi.

Sai kasafi. Kwamfuta da babur da alawus sun cinye kashi biyu cikin uku, aikin fili ya samu saura. Ko kuma a yi alƙawarin kawar da kachala daga jiha guda da kuɗin da bai isa hayar kwalekwale na wata uku ba. Sai masu tsaya maka: kada ka sa sunan farfesa don girmansa alhali bai san ka ba, kuma ba ya buɗe imel. Takardu da yawa sun mutu ne don wasiƙar shaida ba ta iso ba. A ƙarshe, masu karantawa yanzu suna gane rubutun da aka kwafo ko aka sa na'ura ta tsara. Turanci mai sauƙi da ya fito daga wanda ya taka laka ya fi shi tasiri.

In kuɗin ya zo, asusuna zai shiga?

Yawanci sai ta asusun wata makaranta ko ƙungiya mai rajista. A nan ne na taɓa ƙonewa. Tallafina na farko ya sauka a watan Mayu a asusun wata hukuma, fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, bai fito ba sai Oktoba, damina ta wuce, ciyawar da zan auna ta bushe. Na rasa shekara guda, canjin kuɗi kuma ya ci wani kaso. Tun kafin ka tura takarda, ka zauna da wanda zai karɓi kuɗin, ku rubuta yadda za a fitar da shi, da ko za a cire wani abu na hidima. Ka ajiye rasit na komai, har na mai da na ɗan acaɓa, ko da a littafi ne ya sa hannu. Rahoton da ka kai a kan lokaci shi ne takardar neman tallafi na gaba.

Digiri na biyu da na uku: in tsaya gida ko in nemi waje?

Ga mai son ikoloji tsantsa, ban san wuri a kusa da ya kai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ba. Tana ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana ɗaukar ɗalibai kaɗan a shekara don digiri na biyu a fannin kare halittu, da tallafin gidauniyar Leventis, kuma duk da sunanta na tsuntsaye, horon lissafi da aikin fili ne ainihin ribar. Daga Bauchi tafiyar awa biyu ce. Jami'ar Jihar Gombe tana da daɗaɗɗiyar alaƙa da aikin binciken dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, wanda Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta kafa. A Kano akwai Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero.

Na waje akwai tallafin karatu na DAAD ta Jamus, da Commonwealth, da guraben TWAS, da na gidauniyar Mastercard. Shawarata ita ce a yi na biyu a gida a kan matsalar gida, a fitar da takarda ɗaya mai kyau, sannan a nemi na uku da ita. Farfesan waje ya fi saurin amsa wasiƙar wanda ya ce yana da bayanan shekara biyu daga kogin da shi ba zai iya zuwa ba.

Tsakani da Allah, akwai aiki a wannan fanni?

Akwai, amma ba yawa, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Koyarwa a jami'a da kwaleji ita ce babbar kofa, ɗauka kuma ba kullum ba. Sai cibiyoyin bincike irin FRIN ta gandun daji, da NIFFR ta kifi a New Bussa, da ta Tafkin Chadi a Maiduguri. Sai hukumar kare muhalli ta NESREA da NAQS da hukumomin raya kogunan Hadeja-Jama'are da Benuwai ta Sama. Sai ma'aikatun muhalli na jiha. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, ya buɗe ayyukan kwangila na ɗan lokaci. Akwai kuma kamfanonin da ke tantance illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su.

Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafarsu su ne masu sana'a biyu a hannu. Wanda ya iya taswira da lissafi yana samun aiki a ƙungiyoyin lafiya da na agaji ko da na muhalli bai samu ba. In iyali na jiran albashinka gobe, ka kama koyarwa a sakandare ko wani abin, ka riƙe binciken a ƙarshen mako. Ba abin kunya ba ne, da yawanmu haka muka faro.

Ni mace ce, a gida ana ganin shiga daji bai dace da ni ba. Akwai hanya?

Akwai, 'yata. Lambunan Dadin Kowa da gonakin bayan gari ana zuwa a dawo kafin la'asar. Aikin hotunan tauraron ɗan adam da renon ƙwari a ɗakin gwaji ba sa buƙatar kwana a waje. Kina kuma da ƙofar da mu maza ba mu da ita: shiga cikin gida ki tattauna da matan da ke tsinkar tafasa, da masu saƙar tabarma, da masu ajiyar iri, waɗanda su ke fara lura in wani ganye ya ɓace ko wani baƙo ya ɓullo. Ki kai mahaifinki ko maigidanki su gaisa da malamin da ke duba aikinki. Sau da yawa wannan ziyara ɗaya ke warware komai. Shirin AWARD na Nairobi an yi shi ne musamman don mata masu binciken noma a Afirka.

An turo mini imel za a wallafa takardata cikin mako guda in na biya. In tura?

Kada ka tura. Mujallar kirki tana ba masana su duba, abin yana ɗaukar watanni, kuma za su dawo maka da gyara mai zafi. Masu ba da tallafi sun san sunayen na bogi, ganin su a takardarka yana rage maka daraja. Ka duba mujallun da ke rumbun mujallun Afirka na AJOL, ka tambayi ɗakin karatunku ko suna da rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantu mujallu kyauta ko da rangwame. Manyan mujallu da yawa suna yafe kuɗin wallafa ko su rage in ka roƙa tun lokacin turawa.

Wane izini nake buƙata kafin in shiga fili ko in ɗebi samfur?

Na farko, na masu wurin. Ka fara da hakimi ko dagaci, ya haɗa ka da mai unguwa, in ruwa ne da sarkin ruwa. Ka je da wasiƙar sashenku, ka bayyana da Hausa ko Fulatanci abin da firam ɗinka da na'urarka ke yi, domin baƙo mai auna fili ana ɗaukar sa ɗan leƙen gwamnati ne da ya zo ƙwace gona. Kada ka yi alƙawarin taki ko magani. Su ne kuma za su gaya maka dajin da ba a shiga a wannan makon. In sun ce kada ka je, kada ka je.

Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, tana hannun gwamnatin Jihar Bauchi tun 2006, don haka izinin bincike a rubuce daga jiha ake nema, kuma ba a yawo ciki sai da ma'aikacin gandun. Fitar da samfur zuwa ƙasar waje yana buƙatar takardun hukuma, kada wani abokin aiki ya ce ka saƙa masa a jaka. Na tsiro, ka matse kofi biyu tsakanin jaridu, ka rubuta wuri da rana da sunan da mutanen garin ke kiran sa, ka kai ɗaya ɗakin ajiyar busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a tabbatar maka da suna a ba ka lamba. Kafin ka bar wurin ka kakkaɓe takalmi da ƙafar wando da tayar babur, domin irin kachala da na sauran ciyayin nan a jikin mai bincike ma yana tafiya.